Muryar Wa Ake Ji In Za A Gyara Lakwal? Sharhi A Kan Tarukan Shawara Na Ilimi A Nijar

Duk wanda ya bi tarihin gyare-gyaren makaranta a Nijar ba zai zargi hukumomi da ƙin kiran taro ba. An yi mahawarar ƙasa a Damagaram cikin 1982, zamanin Seyni Kountché. An sake ɗauko maganar a Babban Taron Ƙasa na 1991, aka yi babban zama na musamman kan ilimi a 1992, sannan aka fito da dokar LOSEN ranar 1 ga Yuni 1998. Kowane zama yakan watse da magana ɗaya, wato makaranta ta kowa ce, kuma kowa yana da ta cewa a cikinta. Abin da wannan takarda take son dubawa shi ne ko wane ne wannan kowa, da wane harshe yake magana, a wane lokaci ake kiransa, kuma me yake biyo baya idan ya ce bai yarda ba.

Ra'ayinmu shi ne abubuwa uku suke ba mutum murya a wannan fage: ko yana riƙe da kuɗin da za a yi aikin, ko yana da ƙarfin rufe makaranta, ko kuwa yana jin Faransanci har ya iya zama a teburin da ake rubuta takarda. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin ukun ana kiransa ne bayan an gama, domin a sanar da shi. Mafi yawan uwayen yara suna cikin wannan rukuni, haka ma malamin da yake tsaye gaban allo a ƙauye.

Bari mu fara da abin da ya fi zafi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban jami'ar Yamai suka fito a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN, suka nufi cikin gari ta gadar Kenedi, jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu. Cikin abubuwan da suka fito da su har da shirin ilimi na uku da gwamnatin Ali Saibou take ƙullawa da Bankin Duniya, wanda zai taɓa kuɗin tallafin karatu. Jinin da aka zuba ranar nan yana cikin abin da ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa a ƙasar, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Sai dai idan muka koma kan batun ilimi zalla, za mu tarar da wani abu mai wuyar faɗi a zauren jami'a. Hujjar Bankin ita ce ana kashe kaso mai nauyi na kuɗin ilimi a kan ƴan tsiraru da suka kai sama, alhali yaran da suke shiga firamare ba su kai 30 cikin 100 ba. Hujjar ɗalibai ita ce ɗan talakan da ya kai jami'a ba zai iya zama ba in an janye masa tallafi, kuma ba baƙo ne zai tsara wa ƙasa makomarta ba. Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, kuma kowane yana rantsuwa da ɗan talaka. Amma uban yaron da ƙauyensu babu ko aji ɗaya bai zauna da Bankin ba, bai kuma zauna da ɗalibai ba. Haka aka yi da tsarin zubi biyu, inda malami ɗaya yake karantar da rukuni ɗaya da safe, wani rukunin da yamma: masu ba da bashi suka kawo shi don a ƙara yawan yara, ƙungiyar malamai ta SNEN ta yaƙe shi, uwaye kuwa suka ga ƴaƴansu suna dawowa gida tun rana ba ta yi tsaka ba, ko kuma, a shekarun karatun da aka soke bayan 1990, ba su fita ba sam.

Makarantar talabijin da aka gudanar daga 1964 zuwa 1979 da taimakon Faransa ba ta buƙatar dogon bayani. Ƙwararru ne suka tsara ta da kyau, baƙi suka riƙa zuwa kallo, ba ta taɓa yaɗuwa yadda aka yi fata ba, kuma ranar da aka rufe ta babu wani gari da ya tashi ya ce a mayar masa da abinsa.

Makarantun gwaji da kalmar faɗakarwa

Misalin da ya fi shafar mu, mu masu nazarin harshe, shi ne na makarantun gwaji. An buɗe ta farko a Damagaram cikin 1973, da Hausa da Faransanci, daga baya aka ƙara Zabarmanci da Fulatanci da Kanuri da Tamajak. Tsarin a fili yake: yaro ya koyi karatu da rubutu da lissafi cikin harshen da yake ji a shekarun farko, Faransanci yana shigowa sannu a hankali, har ya karɓi ragama a shekarun ƙarshe. Cibiyar INDRAP ta rubuta littattafai, aka horar da malamai. Binciken da aka yi wajen shekarar 2000, har da na Mart Hovens wanda ya kwatanta Nijar da Gine Bisau, ya nuna yaran waɗannan makarantu ba su kasa takwarorinsu ba, sau da yawa ma sun fi su, kuma abin mamaki har a Faransancin kansa. Duk da haka, bayan fiye da shekara ashirin, makarantun ba su wuce arba'in da ƴan kai ba a faɗin ƙasar, kuma sunansu bai sake ba. Yaron da ya shiga ajin farko a 1973 ya girma ya yi aure ya kai ɗansa makaranta, ana nan ana gwaji.

Amsar da muka saba bayarwa a tarukanmu ita ce gwamnatoci ba su da niyya. Gaskiya ne, amma amsar ta tsaya rabin hanya. Gwamnati takan yi abin da ba ta da niyyar yi idan akwai masu matsa mata, kamar yadda 1990 ta nuna. Makarantun gwaji ba su da masu matsawa, domin waɗanda ya kamata su kare su, wato uwayen yaran da ke ciki, ba su taɓa ɗaukar su nasu ba. Da yawa ma sun yi musu kallon makarantar da aka ware wa ƴaƴan talakawa.

Ya kamata mu tsaya mu auna tunanin wannan uba da adalci. Yana da ƴaƴa, yana da gona, kuma kowane yaro da ya kai lakwal hannu ɗaya ne ya rage a wurin aiki. Ya san cewa kakanninsa sun ɓoye ƴaƴansu lokacin da Nasara ya aiko a kawo yara, kuma ya ga cewa waɗanda aka kama aka kai da ƙarfi su ne suka dawo mushe da likita da kumandan. Darasin da ya ɗauka shi ne ribar lakwal tana cikin harshen da ake cin jarrabawa da shi a sami aikin gwamnati. A wancan lokaci jarrabawar sartifika da ta shiga kwaleji da Faransanci ake yin su. Takardar kotu da ta asibiti da ta haraji duk da Faransanci suke zuwa masa. Sannan ya duba ya ga ma'aikacin da ya zo yana yabon karatu da Hausa nasa ƴaƴan suna wata makaranta a birni inda ba a koyar da ita. Idan wannan uba ya ce Hausa dai yaro yana da ita tun daga gida, a ba shi abin da ba shi da shi, ba jahilci ne yake magana ba. Lissafi ya yi da abin da idonsa ya gani, kuma lissafin ya fita daidai gwargwadon abin da aka nuna masa.

Mu kuma me muka yi da wannan magana tasa? Mun sa mata suna rashin fahimta, muka rubuta mata magani: faɗakarwa, ko wayar da kai. Kalmomin nan biyu, da muke fassara sensibilisation da su, sun cancanci a yi musu nazari na kansu. Mai faɗakarwa ya riga ya sani, wanda ake faɗakarwa yana barci. Wanda ake wayar wa da kai kansa a duhu yake. Babu ɗaya cikinsu da ta bar wurin da mai sauraro zai mayar da amsa har ta sauya abin da mai magana ya zo da shi. Da an ɗauki ƙorafin uban nan a matsayin shawara, da an gane tun da wuri cewa yana nuna ainihin inda ɗaki yake yoyo: ba za a iya sauya harshen aji a bar harshen jarrabawa da na ofis yadda suke ba. Dokar LOSEN ta zo ta ce harshen uwa ne harshen koyarwa a matakin farko, dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma, aka kuma soma sabuwar manhaja mai harshe biyu a makarantu 500 cikin 2015. Kowane mataki daga sama ya sauko, kuma kowane ya zo da nasa ayarin masu faɗakarwa.

Kwamitin makaranta

Za a ce mana ai an gyara wannan, tun da akwai kwamitocin kula da makarantu, waɗanda aka sani da COGES, daga baya aka mai da su CGDES. Ba mu raina su ba. Shirin da hukumar JICA ta ƙasar Japan ta tallafa wa, wanda ya fara a jihar Tawa cikin 2004 kafin ya game ƙasa, ya kawo abu ɗaya mai daraja: zaɓen wakilan uwaye ta hanyar ƙuri'ar asiri. Wanda ya san ƙauye ya san bambancin ɗaga hannu a gaban mai gari da jefa takarda a bayan zana. Kwamitoci da yawa sun kafa azuzuwa, sun sayi tebura, sun shirya karatun dare, sun bi gida gida sun dawo da yaran da suka daina zuwa.

Amma a duba jerin nan da kyau, duka aikin hannu ne da na aljihu. Ita kanta LOSEN ta ambaci iyalai a cikin waɗanda za su ɗauki nauyin kuɗin ilimi tare da gwamnati da ƙananan hukumomi, kuma ta wannan ƙofa uba ya fi shiga harkar makaranta. Yana da ikon yanke karan da za a yi rumfar aji, rumfar da muka ga abin da wuta ta yi da irinta a Yamai cikin Afrilu 2021 da Maraɗi cikin Nuwamba na shekarar, inda yara ashirin ko fiye suka ƙone a kowane wuri. Ba shi da iko kan harshen da za a yi magana da shi a ƙarƙashin rumfar, ko ranar da za a buɗe ta, ko malamin da za a turo.

Akwai wani bincike da ake yawan kafa hujja da shi. A ƙarshen 2007 an ɗauki makarantu 1000 a jihohin Tawa da Damagaram, aka ba kwamitocin 500 daga cikinsu kuɗi kai tsaye, kimanin dalar Amurka 200 kowace makaranta. Elizabeth Beasley da Elise Huillery, waɗanda suka nazarci sakamakon, sun tarar uwaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an gyara gine-gine, amma karatun yara bai ƙaru ba a ɗan lokacin da aka auna, zuwan malamai aiki ma ya ɗan ragu. Sun kuma lura cewa kwamitocin da mambobinsu suka yi karatu su ne suka fi iya sa wa malami ido. Wasu sun karanta wannan da cewa uwaye suna so amma ba su iya ba. Mu abin da muka gani a ciki dabam ne. Manomin da bai yi lakwal ba an ba shi kuɗin siminti, ba a ba shi wata hanya da ƙorafinsa zai isa ofishin sufeto ya dawo da amsa ba. Mushe ya san haka, shi ma uban ya sani. Wanda ya san maganarsa ba ta wuce bakin zaure ba zai ɓata da mutumin da ya riƙe masa ɗa a banza ba.

Na taɓa zama a babban taron uwaye na wata makarantar ƙauye, ina rakiyar wani ɗalibinmu. An karanta tsarin aikin shekara daga takardar da aka cika da Faransanci, dirakta yana fassarawa. Da aka zo ƙarshe wani dattijo ya tambayi dalilin da ya sa ake buɗe makaranta alhali ba a gama ɗaure gero ba, kuma ko za a iya sassauta wa yara ranar kasuwa su rama wata rana. Dirakta ya amsa masa da ladabi cewa wannan daga Yamai yake zuwa. Babu gurbin da za a rubuta tambayar a takardar, saboda haka ba a rubuta ta ba. Aka wuce zuwa maganar kuɗin alli.

Malamin aji kuwa lamarinsa ya fi rikitarwa, domin daga nesa kamar ya fi kowa murya. Ƙungiyoyin malamai suna iya tsayar da karatu a ƙasa baki ɗaya, kuma sun sha yi. Sai dai wannan murya ta albashi ce da matsayi, kuma dole ta zama haka tun da aka fara ɗaukar masu aikin sa kai a ƙarshen shekarun 1990, aka bi da malaman kwantaragi a zamanin shirin shekara goma na PDDE da ya fara a 2003, har suka zama su ne mafi rinjaye a firamare. Mutumin da yake jiran kuɗin watan da ya wuce ba shi da sukunin yin gardama kan hanyar koyar da karatu. Ilimin da yake da shi, na sanin darasin da yake shiga kan yara saba'in da wanda ba ya shiga, babu bututun da yake hawa da shi sama. An kawo masa koyarwa bisa manufofi, aka sauya zuwa ta ƙwarewa, aka sake sauyawa zuwa ta yanayi, kowace da horon ƴan kwanaki da yake gangarowa daga sufeto zuwa mai ba da shawara zuwa dirakta. Bayan gwajin PASEC na 2014 ya nuna fiye da yara tara cikin goma suna gama firamare ba su kai matakin karatun da ake buƙata ba, sai aka shirya wa malaman kwantaragi jarrabawa a 2017, inda kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami matsakaicin maki. Jarrabawar ta tona gaskiya mai ɗaci, ba mu musanta ba. Amma waɗanda suka ɗauki waɗannan malamai, da waɗanda suka yi ta tufka da warwara a manhaja, babu wanda ya zaunar da su a benci.

Inda ra'ayinmu yake da rauni

Wajibi ne mu faɗi abin da za a iya jifan mu da shi. Idan aka ce a bar wa al'umma, wace al'umma? A ƙauyuka da yawa taron uwaye taron maza ne, kuma cikin mazan ma akwai waɗanda ba a katse su. Matan Nijar sai da suka yi zanga-zanga ranar 13 ga Mayu 1991 kafin a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya Taron Ƙasa, kuma waɗannan matan birni ne masu takardun shaida. Idan taron gari ya yanke cewa yarinya ta bar aji da shekara goma sha uku, shin wannan ma murya ce da za a bi? Amsarmu a'a ce. Zaman yaro a makaranta, mace ko namiji, haƙƙinsa ne, ba ya cikin abin da ake jefa wa ƙuri'a, kuma nan ne gwamnati ya kamata ta tsaya da ƙafafunta. Amma tarihin wannan batu shi ma yana goyon bayan a yi shawara da wuri. Daftarin dokar kare karatun ƴaƴa mata ya tsaya a majalisa cikin 2012 bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun tashi, sai a Disamba 2017 aka fito da shi ta hanyar dokar gwamnati. Malaman addini suna da irin ƙarfin da ɗalibai suke da shi, na hanawa, kuma hukuma takan tuna da su ne ranar da suka hana. Alhali tun da aka buɗe madarasar Say a 1957 uwaye suke nuna, ta inda suke kai ƴaƴansu, cewa suna son makarantar da ta haɗa Larabci da boko. Ƙungiyoyin uwaye mata da aka kafa a makarantu kuwa, a ba su zamansu dabam da rubutaccen bayaninsu dabam, in ba haka ba za su ci gaba da zama ƴan amshin shata a bayan taro.

Saboda haka ba cewa muke kowa ya yanke komai ba. Yadda za a koyar da haɗa baƙi da wasali aikin malami ne da masani, kuma a nan malamin aji ya kamata a tambaya kafin a buga littafi, ba bayan an raba shi ba. Abin da za a kashe aikin majalisa ne, mai ba da bashi ya faɗi sharaɗinsa a fili inda kowa zai ji. Amma harshen da za a fara da shi, da kalandar shekara, da matsayin karatun addini a jadawali, da abin da ake so yaro ya iya in ya tsaya a aji shida, waɗannan tambayoyi ne na manufa, kuma digiri ba ya sa mutum ya fi uban yaro sanin amsarsu. A kansu ya kamata a tambayi taron uwaye kafin a yanke, a rubuta abin da suka ce da harshen da suka faɗe shi, a kuma ɗora wa sufeto nauyin mayar da amsa a rubuce kafin ƙarshen zangon karatu, ko da amsar ƙi ce.

Wannan ya dawo da mu gida. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025, bayan zaman ƙasa na ƴan kwanaki a watan Fabrairu, ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mu da muka shafe shekaru muna kiran a daraja harsunanmu, da sauƙi mu ɗauka an gama. Amma idan wannan mataki zai shiga aji, zai tarar da uwa a Tilaberi da ɗanta yake jin Zabarmanci, da uba a Difa mai Kanuri, da makiyayi a Abalak mai Tamajak, zai kuma tarar da Bahaushen nan na Damagaram da tambayarsa ta jarrabawa da ba a amsa ba tun 1973. In aka tambaye su, wasunsu za su ce a fara da harshensu, wasu za su ce Faransanci suke so, kuma mai yiwuwa amsar ba za ta yi mana daɗi ba. Sashen da yake da ɗalibai masu neman batun kundin digiri na biyu yana iya fara wannan tambaya da kansa: a tura su tarukan CGDES na farkon shekara da na'urar ɗaukar magana, da izinin mahalarta, su rubuto wanda ya yi magana, da harshen da ya yi ta, da abin da ya nema, sannan su koma a watan Yuni su duba wace buƙata ce ta isa ofishin sufeto.